Bes: Gunkin Wada Mai Gadin Gida a Masar ta Zamanin Fir'auna

Duk wanda Allah ya nufa da ziyartar kufan gidajen tsafin mutanen Masar na zamanin Fir'auna, ba zai rasa lura da wani abu guda ba game da surorin da aka sassaƙa a jikin bangayensu. Sarakuna ne ko gumaka, ko bayi masu ɗauke da kayan gaisuwa, kusan kowa ya ba da gefen fuska, yana duban hagu ko dama, sai ka ce bai san da zuwan baƙo ba. Amma a Dandara, wani tsohon gidan tsafi da ke tsallaken Kogin Nilu daga garin Ƙina, wajen kilomita 60 arewa da Luksor, akwai wani dutse a farfajiya wanda surar da ke jikinsa ta karya wannan ƙa'ida. Wani wada ne ƙaƙƙarfa, ya dafa cinyoyinsa, ya zare idanu, ya zaro harshe, yana duban mai shigowa ido da ido kamar mai tambayar abin da ya kawo shi.

Sunan wannan wada Bes. Ba ya cikin manyan gumakan da sarakunan Masar suka gina wa gidaje masu ginshiƙai kamar kuka, ba a kuma ware masa gonaki da shanu da rundunar matsafa kamar yadda aka yi wa Amun a Karnak ba. Aikin da aka ɗora masa guda ne, watau gadi: gadin mace mai naƙuda, da jariri, da mai barci, da ƙofar gida. Duk da haka ya yi fiye da shekara 2,000 a cikin ɗakunan Misirawa, ya ƙetare hamada da teku har Sudan da Farisa da Sifen, kuma a lokacin da aka daina jin ɗuriyar yawancin manyan gumakan, sunansa bai fita daga bakin talakawa ba. Masu iya magana sun ce, wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Mai son ya san abin da talakan Masar yake tsoro idan dare ya yi, da abin da yake kamawa domin neman tsira, to, ya bi sawun wannan gunki.

SIFFA MAI BAN TSORO DA BAN DARIYA

Kamannin Bes ba su ɓoyuwa. Gajere ne mai babban kai da faffaɗar fuska, ga tumbi, ga ƙafafu a lanƙwashe kamar baka. Kunnuwansa na zaki ne, gemunsa ya haɗe da geza irin ta zaki, wani lokaci kuma har da wutsiya tana reto a tsakanin ƙafafunsa. Sau da yawa akan ɗora masa hula ta dogayen gashin jimina, a yafa masa fatar damisa. A hannunsa kuwa, wani sa'in wuƙaƙe ne, wani sa'in macizai ne ya shaƙe, wani sa'in kuma wata alama ce ta rubutun Misirawa da ake kira "sa", wadda ma'anarta ita ce kariya.

Ba rashin gwaninta ne ya sa masassaƙa suka munana shi haka ba, domin kuwa su ne suka sassaƙa kyawawan fuskokin sarakuna da matansu. Da gangan suka yi. Misirawan wancan zamani sun ɗauka cewa zazzaɓi da mugun mafarki da mutuwar jarirai duk aikin miyagun iskoki ne da fatalwar matattu, waɗanda ke lallaɓowa cikin duhu su shiga ɗaki. A ganinsu, maganin abin tsoro shi ne abin da ya fi shi ban tsoro, watau gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ba a juyar da fuskarsa gefe ba. Mai gadi ba ya ba ƙofa ƙeya.

Abin mamaki, wannan mummunar sura ita ce kuma ta raha da annashuwa. Akwai surori masu yawa da suka nuna Bes yana rawa, yana kaɗa bandiri, ko yana kiɗa wani abu mai tsirkiya. Ƙarar kiɗan tana korar iskoki, rawar kuma tana sa yaro dariya. Saboda haka sai ya zama gunkin kiɗa da shagali da kwalliya, har ana sassaƙa shi a jikin tandun kwalli da mariƙin madubi da kwalaben turare. An ma samu zane-zanen mata makaɗa da 'yan rawa waɗanda aka yi musu jarfar surarsa a cinya.

DAGA INA YA FITO?

Masana tarihi sun bi sawun wannan sura zuwa wajen shekara ta 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihissalam. A wancan lokaci bokayen Masar sukan tsaga hauren dorina gida biyu, su goge shi ya yi laushi, sa'an nan su zana masa jerin namun daji da dodanni masu riƙe da wuƙaƙe. A cikin jerin akwai wani mai kan zaki da jikin mutum, yana fuskantar mai kallo, ya damƙe macizai a hannu biyu. Sunan da aka rubuta a gefensa shi ne Aha, watau mayaƙi. Rubutun da ke jikin waɗannan haure ya ambaci sunayen mata da yara, ya kuma ce an zo ne domin a ba su kariya dare da rana. Bakin wasunsu ya cinye, abin da ya sa masana ke ganin da su ake shata da'ira a ƙasa a kewaye uwa da ɗanta. A hankali wannan mai kan zaki ya gajarce, ya yi tumbi, ya koma wada, sunan Bes kuma ya rinjayi sauran sunayen da ake kiran irinsa da su.

Mai karatu yana iya tambaya, don me za a ba wada aikin gadi, alhali ga ƙarti majiya ƙarfi? Amsar tana cikin matsayin wadanni a tsohuwar Masar, domin ba a ɗauke su abin raini ba. A shekarar 1926 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Junker ya tono kabarin wani wada mai suna Seneb a kusa da dalar Giza. Wannan mutum ya rayu fiye da shekara 4,000 da suka wuce, ya riƙe muƙamai masu yawa a fada, daga cikinsu har da shugabancin masu kula da tufafin sarki, kuma rubutun kabarinsa ya ce yana da shanu dubbai. An samu mutum-mutuminsa yana zaune ya naɗe ƙafa, matarsa Senetites, wadda tsawonta daidai yake da na sauran mata, ta rungume kafaɗarsa. A wurin da ƙafafun mutum ya kamata su sauko, sai masassaƙin ya tsai da 'ya'yansu biyu, namiji da mace. Ba a ɓoye halittarsa ba, ba a kuma yi masa ba'a ba.

Akwai kuma labarin Harkuf, wani hakimi na yankin Aswan wanda ya yi tafiya sau huɗu zuwa ƙasashen da ke kudu da Masar. A tafiyarsa ta ƙarshe ya komo da wani ɗan gajeren mutum gwanin rawa, wanda masana ke kyautata zaton daga cikin gajerun mutanen tsakiyar Afirka ya fito. Sarkin lokacin, Pepi na Biyu, yaro ne bai kai shekara goma ba. Da labari ya iske shi sai ya aika wa Harkuf da takarda, yana umurtarsa ya sa amintattun mutane su tsare baƙon a cikin jirgi kada ya faɗa ruwa, a kuma riƙa duba shi sau goma a kowane dare. Harkuf ya ji daɗin takardar nan har ya sa aka sassaƙa ta a ƙofar kabarinsa, tana nan kuwa har yau. Daɗin daɗawa, wani littafin gargaɗi na wani malami mai suna Amenemope, wanda aka rubuta fiye da shekara 3,000 da suka wuce, ya hana a yi wa makaho dariya, ko a tsokani wada, ko a tare wa gurgu hanya. Mutanen da ke duban wada a matsayin wanda aka keɓance shi da wata baiwa, ba abin mamaki ba ne su siffanta mai gadinsu da siffarsa.

A BAKIN ƊAKIN NAƘUDA

Wurin da aka fi sanin zaman talakawan Masar shi ne wani ƙauye da yanzu ake kira Dairul Madina, a yammacin Luksor. An kafa shi wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa domin ma'aikatan da ke haƙa kaburburan sarakuna su ƙawata su, kuma an zauna cikinsa fiye da shekara 400. Gidajensa na tubali kusan 70 ne a cikin ganuwa, a jere manne da juna. Wani Bafaranshe mai suna Bernard Bruyère ya shafe kusan shekara 30, daga 1922 zuwa 1951, yana tonon wannan ƙauye.

A ɗakin farko na gidaje da dama ya tarar da wani ɗan dakali mai tudu, an kewaye shi da bango, ana hawansa da matakala. Wasu masana sun ce gadon haihuwa ne, wasu sun ce wurin bautar gida ne. Ko wanne ne dai, surar da ta fi yawa a jikinsa ita ce ta Bes, yana rawa ko yana kiɗa, wani wurin ma an yi masa fuka-fukai. Abokiyar aikinsa a wannan fage ita ce Taweret, wata gunkiya mai siffar dorina mai ciki, tana tsaye da ƙafa biyu, da wutsiyar kada a gadon bayanta.

Matan Masar a durƙushe suke haihuwa, bisa tubala. A shekarar 2001 masu bincike na Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Josef Wegner, suka tono ɗaya daga cikin irin waɗannan tubala a kufan gidan wani magajin gari a Abidos. An zana masa uwa riƙe da jaririnta, a gefunansa kuma ga irin dodannin nan masu gadi da ake gani a jikin hauren dorina. Har wa yau akwai wata tsohuwar takardar tsafi da ke ajiye a birnin Laidin na ƙasar Holan, wadda ta bayyana abin da ake yi idan naƙuda ta yi tsanani: a gina ɗan wada na yumɓu, a karanta masa surkulle sau huɗu, a ɗora shi a kan mai naƙudar.

Idan an haihu lafiya, aikin bai ƙare ba. Akan rataya wa jariri layar Bes ta wani irin tangaran mai ruwan shuɗi. Akan sassaƙa fuskarsa a ƙafafun gado da jikin matashin kai na itace, domin ya tsare mai barci daga mugun mafarki da maciji da kunama. A ƙarnonin baya ma an riƙa yin wasu allunan dutse masu surar yaron gunki Horus yana tsaye bisa kadoji, ya riƙe macizai da kunamu, a bisa kansa kuma ga fuskar Bes. Akan kwarara ruwa a jikin dutsen a ba wanda maciji ya sara ko kunama ta harba.

To, shin gadin ya yi amfani? Amsar tana nan a gangaren dutsen da ke gabashin ƙauyen Dairul Madina. A can Bruyère ya tarar da maƙabarta, wadda sashenta na ƙasa duk jarirai ne da 'yan tayi. An binne su a cikin tukwane da kwanduna da akwatunan da aka gama amfani da su a gida, wasu har da ɗan abinci a gefensu. Iyayen waɗannan yara su ne masu zanen Bes a bangon ɗakunansu. Ba su da maganin zubar jini bayan haihuwa, ba su san ƙwayoyin cuta ba, ba su kuma da abin yi idan ɗa ya zo a gicciye. Yawan layun Bes da ake tonowa a ko'ina cikin Masar, ma'auni ne na yawan fargabar da iyaye mata suke kwana da ita.

YA GAGARI FIR'AUNA

Kada a ɗauka cewa talakawa kaɗai ne suka rataya a wuyan wannan gunki, domin mutuwar jarirai ba ta san ƙofar fada ba. A fadar Amenhotep na Uku da ke Malkata, an zana jerin Bes a bangon ɗakin barcin sarki. A shekarar 1905 an tono kujerar 'yarsa Sitamun a kabarin kakanninta, an yi mata ado da zinariya, ga Bes nan a jikinta yana kaɗa bandiri, wani kuma yana riƙe da wuƙaƙe. Haka nan da Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun a shekarar 1922, a cikin kayan da aka samu akwai matashin kai na hauren giwa mai naɗewa, da fuskar Bes a kowane gefe, da kuma gado mai surarsa a wajen ƙafa.

Amma babbar jarrabawar da Bes ya ci ita ce ta zamanin Akenaton, ɗan Amenhotep na Uku, wanda ya hau gado wajen shekara ta 1353 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan sarki ya juya wa gumakan kakanninsa baya, ya ce ba abin da za a bauta wa sai ƙwayar rana, wadda ya kira Aton. Ya tashi daga tsohon birni ya gina sabo a wurin da yanzu ake kira Amarna, ya karkatar da dukiyar gidajen tsafi, ya aika da masassaƙa suna bi suna kankare sunan Amun duk inda suka gan shi, har a ƙwanƙolin ginshiƙai.

Da masu bincike suka tono wannan sabon birni, sai suka yi ta cin karo da layun Bes da na Taweret a cikin gidaje, har da 'yan ƙananan mazuban yumɓu da ake ƙera su a ciki, alamar cewa a nan cikin birnin ake yin su. A unguwar ma'aikata kuwa, an samu bangon wani gida da aka zana wa jerin Bes suna rawa a gaban Taweret. Ashe sarkin da ya iya karya Amun da matsafansa da dukiyarsu, hannunsa bai kai ga ɗan tangaran da ke wuyan jariri ba. Amun na fada ne, ana iya rufe ƙofarsa a kwana ɗaya. Bes kuwa ba shi da wata ƙofa guda da za a rufe, domin yana cikin kowane ɗaki.

YA ƘETARE IYAKA

Tun da abu ne ɗan ƙarami mai shiga aljihu, Bes ya bi fatake da sojoji da matuƙan jiragen ruwa zuwa ƙasashe masu nisa. A kudu, sarakunan Kush na ƙasar Sudan, waɗanda suka taɓa mallakar Masar kanta, sun girmama shi ƙwarai. Sarki Taharka, wanda ya yi mulki daga shekara ta 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa, ya gina wa gunkiya Mut gida a gindin Dutsen Barkal, kusa da garin Karima na yanzu, ya sa aka sassaƙa wasu ginshiƙansa da siffar Bes. Wadan da aka saba gani kamar ɗan yatsa, a nan ya zama ƙato mai ɗauke da rufin gini.

A gabas, bayan Farisawa sun ci Masar da yaƙi a shekara ta 525, surarsa ta bazu cikin daularsu a jikin hatimai da sarƙoƙi da kayan ado. A cikin wata taska ta zinariya da aka tsinta a bakin Kogin Oksus, can tsakiyar Asiya, akwai ɗan keken doki na zinariya da fuskar Bes a gabansa, yana nan ajiye a gidan kayan tarihi na Biritaniya da ke Landan.

A yamma kuwa, Finikiyawa, watau fataken teku na bakin gaɓar Lebanon ta yanzu, su ne suka yi masa jagora cikin Bahar Rum. Sun zauna a wani tsibiri da ke gabashin Sifen, suka buga kuɗin ƙarfe da surar Bes riƙe da maciji da kulki. Marubutan Rumawa sun ruwaito cewa ƙasar wannan tsibiri tana korar macizai. Masana da yawa suna ganin sunan da Finikiyawa suka ba wurin ma'anarsa tsibirin Bes, kuma shi ne ya rikiɗe ya zama Ibiza, inda Turawa ke tururuwar zuwa shaƙatawa a yau. A Masar kanta, da mulki ya koma hannun Rumawa, sai maginan yumɓu suka sauya masa kaya, suka sa masa sulken sojan Rum, da takobi a ɗage da garkuwa a hannu.

SHARI'AR ABIDOS

A ƙarshen zamaninsa Bes ya samu wani sabon aiki, watau duba. A Abidos, cikin tsohon gidan tsafin da Sarki Seti na Ɗaya ya gina, mutane sukan zo su kwana domin su ga amsar damuwarsu a mafarki, har sun bar rubuce-rubucen Girkanci a jikin bango suna ambaton sunansa. Wanda bai iya zuwa ba sai ya rubuto tambayarsa a takarda ya ba ɗan aike.

Waɗannan takardu su ne suka jawo bala'i. Wani masanin tarihi na Rumawa mai suna Ammiyanus ya ba da labarin cewa a shekara ta 359 bayan haihuwar Annabi Isa, wasu 'yan tsegumi suka kwashi takardun da aka bari a wurin suka aika wa Sarkin Rum, Konstantiyus na Biyu. Sarkin Kirista ne, mutum ne kuma mai yawan zargi, kullum yana ganin ana ƙulla masa makirci. Nan da nan ya tura wani magatakarda mai suna Bulus, wanda saboda gwanintarsa ta ƙulla wa mutane sharri ake yi masa laƙabi da "Sarƙa". Aka kafa kotu a birnin Sikitobolis na ƙasar Falasɗinu, aka yi ta kawo mutane a ɗaure daga Iskandariyya da Antakiya. An gana wa wasu azaba, an kori wasu daga ƙasa, cikinsu har da wani tsohon gwamnan Masar mai suna Farnasiyus. Ammiyanus ya ce abin ya kai ga ko layar zazzaɓi aka gani a wuyan mutum, ta isa a yanke masa hukunci.

A shekarun 391 da 392 Sarki Tiyodosiyus ya haramta bautar gumaka a daular Rum, gidajen tsafin Masar kuma suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Amma ko bayan haka sunan Bes bai gushe ba a Abidos. Kiristocin Masar, watau Kibɗawa, sun rubuta tarihin wani waliyyinsu mai suna Musa, wanda ya kafa gidan ibada a wannan yanki. A cikin tarihin an ce mutanen ƙauyuka sun kawo masa kukan wani aljani mai suna Bes da ya tare a wani kufan gidan tsafi, yana faɗa wa masu wucewa, yana makantar da wasu, yana gurgunta wasu, har sai da Musa ya shiga kufan da almajiransa suka kwana suna addu'a. Mai gadin jiya ya zama dodon yau, amma dai ana tunawa da shi, alhali Amun mai Karnak ya daɗe da zama tarihi. Bayan Amru ɗan Asi ya shigo Masar da rundunar Musulmi a tsakanin shekarun 639 da 642, sauran abin da ya rage na wannan tsohuwar bauta ya ci gaba da dusashewa, rairayi ya binne gumakan.

ABIN DA AKA SAMU A CIKIN ƘOƘO

Binciken zamani bai gama da Bes ba. A tsakanin shekarun 1905 da 1906 wani Bature mai suna James Quibell ya tono wasu ɗakuna a Sakkara, waɗanda aka manna wa bangayensu manyan surorin Bes na laka, kowanne da mace a gefensa. Masana sun yi zaton masu neman haihuwa ne ke zuwa su kwana a ciki, suna jiran mafarki. Akwai kuma wasu ƙoƙuna na yumɓu masu siffar kan Bes da aka daɗe ana gardamar abin da ake zubawa a cikinsu, ko ruwa, ko madara, ko giya.

Wasu masana ƙarƙashin Davide Tanasi na Jami'ar Kudancin Florida sun kankaro dattin da ya maƙale a cikin ɗaya daga cikin waɗannan ƙoƙuna, wanda ke ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Tampa a Amurka, kuma ya kai wajen shekara 2,200 da ƙerawa. Da suka auna sai suka samu ɓurɓushin wani tsiro mai gusar da hankali da Larabawa ke kira harmal, da shuɗin bado, da zuma, da riɗi, da inabi, da abin da ya nuna an tsima haɗin har ya zama barasa. Sun kuma samu alamun jinin mutum da nonon mace. Watau mai yiwuwa ne mafarkin da masu ziyara ke gani ba daga wadan yake zuwa ba, a cikin ƙoƙo ake dama shi. Marubutan ƙagaggun labarai ma ba su bar shi ya huta ba, domin a shekarar 2011 wani marubucin Amurka mai suna Rick Riordan ya sa shi cikin wani littafinsa na yara, inda ya zama direban mota mai korar abokan gaba da munin fuskarsa.

A yau dutsen nan na Dandara abin kallo ne kawai, 'yan yawon buɗe ido suna tsayawa gefensa suna zaro harshe ana ɗaukarsu hoto. Dariyar tana da sauƙi ga wanda ke da asibiti kusa da gida, da ƙwararriyar ungozoma, da allurar rigakafi. Matar da ta durƙusa bisa tubali shekara 3,000 da suka wuce ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma an ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ta kama wadan yumɓu, wanda ba ya ji, ba ya gani, bai kuma hana a cika maƙabartar Dairul Madina da kwanduna ba. Gunkin ya faɗi, amma fargabar daren naƙuda da ta haife shi tana nan a duk ƙauyen da mai ciki ke kwana nesa da magani, kuma nauyin wannan gadi yanzu yana wuyan hukumomi da mazaje da dangi. Allah shi ne mafificin mai tsaro.